Jingar da Na Yi wa Surukina da Sharar Turai

Assalamu alaikum Edita, tare da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da abin nan ya faru, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ni matashin ɗan kasuwa ne a Nguru, ina fataucin bandar kifi zuwa Legas. Kakana Bakano ne, jirgin ƙasa ya kawo shi garin zamanin cinikin gyaɗa da ƙaro, ya ga wuri ya zauna. Mu a gidanmu ba a noma, ba a su, ba a kiwo. Abin da wani ya noma ko ya kamo muke saye mu kai gaba, kuma muna ji da kanmu a kan haka. Ni kuwa na fi kowa a gidan jin kai. Na ga teku da idona, na iya 'yan kalmomin Yarbanci na ciniki, ga agogo a hannu, sai nake ganin tsakanin Nguru da Gashuwa babu wanda ya kai ni wayewa. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a yi mini dariya ko da wasa ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mafi yawan waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Matata 'yar wani ƙauye ce a bakin kogi, gaba kaɗan da Gashuwa. Mahaifinta, wanda zan riƙa kira Baba kamar yadda nake kiransa yana raye, yana cikin masuntan da ke kawo wa mahaifina kifi tun ina yaro, ta nan aka san juna har aure ya shiga tsakani. Dattijo ne marar yawan magana, Hausarsa ma da nauyin harshen Bade. Abin da ya mallaka a duniya guda ɗaya ne: wata fadama da ya gada kaka da kakanni, da ɗan tafki a ƙarshenta. Da damina kogi ya cika ya malalo, a yi shinkafa. Idan ruwa ya janye sai kifi ya maƙale a tafkin, a yi su. Da rani kuma Fulani su sauko da shanu su cinye abin da aka bari bayan girbi, su bar taki, a yi musayar nono da shinkafa. Gidan Baba kaf, 'ya'ya da jikoki, daga wannan ƙasa suke ci suke sha. Wahalarta ɗaya ce, ita ce jinga, wato tudun laka da ciyawa da ake tadawa a gefen kogi don kada ruwa ya afko da ƙarfi tun shinkafa ba ta yi tsayi ba. Kowace damina ruwa sai ya cinye ta, kowane rani sai an sake tada ta.

A al'adar wurin, aikin jinga gayya ake yi, kuma mazajen 'ya'ya mata na gidan su ne a gaba. Duk wanda ya auri 'yar mutum, ranar jingar surukinsa zai tuɓe riga ya shiga laka har cinya, da haka ake gane ɗan halas. Shekarar farko da aurena na je, cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka miƙo mini shebur. Kafin hantsi ya ɗaga hannuna ya yi bororo, na zame na zauna daɓas cikin taɓo, yara da manya suka kwashe da dariya. Ƙannen matata kuwa, da yake abokan wasana ne, suka samu abin yi. Suka ce wai hannun Bakano bai san komai ba sai loma da musabaha, wai yayarsu agogo ta aura ba miji ba. Suka raɗa mini suna Alhajin Kwali, saboda kwalayen da nake ɗura kifi. Na yi dariyar yaƙe, amma abin ya tsaya mini a rai. Daga nan ban sake zuwa gayya ba, sai dai in aika da goro da sukari da gishiri, su ci su sha su ci gaba da tsokana. Shi Baba bai taɓa cewa uffan ba. Dama tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai: in na je gaisuwa daga nesa nake tsugunawa, kuma duk wata magana mai nauyi ta bakin matata ko babban ɗansa take bi.

Ana nan, wata tafiya na sauke kifi a Legas, motar da na ɗauko haya ba ta samu lodin komowa ba. Direban ya ce ya ji labarin wani mutum kusa da tashar jiragen ruwa da ke da kayan da yake son a ɗebe masa, muka je tare. Wani fili ne babba da aka kewaye da kwano, cike da diloli jibga-jibga, an matse su da inji an ɗaure da waya, kowace dila ta kai ƙirjina. Mutumin mai fara'a ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya ce leda ce da roba daga Turai, cikin kwantena ake kawowa don masu kamfanin narka roba, sun zaɓi irin wadda suke so, wannan ita ce ragowar. Ya ce kyauta ce, har ma zai zuba mana mai a mota, ga shi kuwa lokacin ana tsananin wahalar mai. Na sa kafaɗa na tura wata dila, ko gezau ba ta yi ba. Na haure ta da ƙafa, na ji kamar bango. Nan take jingar Baba ta faɗo mini a rai. Mu 'yan kasuwa mun saba da dilar gwanjo, ba a kwance ta sai an saya, kuma a kanmu an riga an zuba cewa kayan Turai ko tsoho ne ya fi sabon gida. Ban tambayi mutumin nan dalilin da zai sa ya ba ni kaya ya kuma haɗa mini da mai ba. Gani nake na samu wawa, har ina ƙifta wa direba ido.

Da na dawo na aiki matata ƙauye ta gaya wa Baba cewa bana jinga a kaina take, kuma irin wadda ba za a sake yi ba har abada. Ta kwana biyu ta dawo, ta ce Baba ya ce Allah ya yi albarka. Mota ta kai kayan iyakar inda hanya ta ƙare, daga nan aka riƙa ɗora dilolin a amalanken shanu zuwa bakin kogi. Ƙauyen kaf ya fito kallo. Aka jera su gefe da gefe, aka lulluɓe da laka da ciyawa, aikin da ke cin makonni ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Ƙannen matata suka bar tsokana, ƙaraminsu ma cewa ya yi ashe agogon yayarsu yana aiki. Baba ya bi jingar daga wannan kai zuwa wancan, yana zungurar ta da sandarsa, a wani wuri ya tsaya ya sunkuya ya sunsuna. Ya daɗe a tsaye yana kallon kogi. Sa'an nan ya ce wa babban ɗansa ya gaya mini ya gode. Ranar na koma Nguru kaina ya kusa fashewa don daɗi.

Gaskiya jingar ta yi aiki a farko, kuma wannan shi ne ya ƙarasa rufe mini ido. Damunan da suka biyo baya ruwa bai yi yawa ba, iyakarsa gindin dilolin, laka kuma ta danne su daga sama. Shinkafar Baba ta yi kyan da aka daɗe ba a gani ba. Maƙwabtansa suka fara aiko mini da tarwaɗa da kaji, ana roƙon Alhaji ya taimaka da bangon Turai. Ni kuma duk tafiyar da na yi sai na cika mota na dawo, har jingar ta miƙe ta wuce gonakin gidaje da dama. Wata rana wajen saukewa wata dila ta faɗo daga amalanke, wayarta ta tsinke, cikinta ya zube a gabana. Ledojin burodi ne da na nama, da robobin madara masu hoton shanu, da na man wanki, duk da rubutun da ko masu boko ba su iya karantawa ba. Mata suka yi ca a kai suna tsintar ƙananan robobin don zuba yaji da kuka. Amma ni na ga abin da ke can tsakiya: ƙunzugun jarirai da aka yi amfani da su, da safar hannu irin ta asibiti, ga wani wari da ya bugo ni har sai da na toshe hanci. A lokacin nan na gane shara ce, sharar gidajen wasu mutane. Maimakon in tsaya, sai na daka wa ma'aikata tsawa su yi maza su tattara su rufe da laka kafin Baba ya iso. Bayan nan ma ban daina kawowa ba, domin na riga na saba da jin ana yabona.

Sai shekarar babban ruwa ta zo, a farkon shekarun dubu biyu. Ruwan sama ya yi yawa, na kogi ya taho daga wajen Haɗeja a kansa, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi ya wuce. Ina zaune a shago da hantsi sai ga babban ƙanen matata a kan babur, jikinsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba, ya ce in taso in je in ga bangona yana tafiya. Na ɗauka tsokanar da aka saba ce, har na fara haɗa masa amsa, sai na ga fuskarsa. Muka kama hanya, inda babur ya gaza muka shiga kwalekwale. Abin da na tarar ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ruwa ya wanke lakar da ke sama, ya ɗaga dilolin cak. Leda ba ta nutsewa, abin da kowane yaro da ya taɓa jefa ledar ruwa a kwata ya sani, amma ni mai wayewa ban taɓa kawo shi a raina ba. Ga su nan suna yawo a kan ruwa kamar mushen shanu. Wayoyin sun riga sun yi tsatsa a cikin laka, sai ka ji ɗas, dila ta buɗe, cikinta ya bazu. Iyakar ganina ba na hango ruwa, sai ja da shuɗi da fari suna lilo a kan gonakin mutane. Baba yana cikin wani kwalekwalen shi kaɗai, ya ajiye sandar tuƙi a cinya, yana kallo.

Shinkafa kam ta tafi a shekarar, ta kowa da kowa, har ta waɗanda ba su taɓa ganin dilata ba. Wannan bai tada hankalin mutanen wurin ba sosai, sun san ambaliya tun kakanni, jingar laka in ta karye laka take komawa, baɗi a sake. Sai da ruwa ya janye aka ga ainihin masifar. Kowane ɗan itace, kowace ƙaya, leda ta rataye a jikinsa. Wadda ta kwanta a ƙasa kuma sabuwar laka ta bi ta kanta ta binne, wata ledar ta sake kwanciya, laka ta sake binnewa. Da yake fadamar Baba ta fi ta kowa gangare, kuma tafkinsa nan ne ruwa ke taruwa a ƙarshe, mafi yawan sharar can ta tattara. Ranar da aka shiga su, aka jawo koma, wato babbar ragar kamun kifi, da nauyi har samari na murna, da aka fito da ita sai robobi da 'yan matattun kifaye.

Maƙwabta suka kai ƙara wurin bulama, wato mai garin, aka aiko in zo. Na tafi tare da matata, da shirin faɗa, na tanadi maganata tsaf, cewa ba wanda na tilasta wa, su da kansu suka riƙa aiko mini da kaji. Ana zama, tun ban buɗe baki ba, Baba ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce shi ne ya roƙi mijin 'yarsa ya nemo masa wannan kaya, yaro umarni ya bi, saboda haka duk mai magana ya yi da shi. Ya ce ba a gurfanar da wanda ya kawo alheri don alherin ya juya. Kowa a wurin ya san ba haka aka yi ba, amma ba wanda zai ƙaryata dattijo irinsa a bainar jama'a. Aka yi fatiha, aka watse. Ni da na zo da wuta a baki sai na kasa ko ɗaga kai. A hanyarmu ta komawa matata ta fashe da kuka, ta gaya mini abin da ta ɓoye shekara da shekaru. Ashe ranar da na fara aikenta, Baba ya ce ta tambaye ni abin da masu kayan suka gani a jikin kayan har suka yarda ya yi musu wannan nisa. Ita kuma ta san halina, ta san yadda maganar jinga ke ci mini rai, ta ji tsoron in ce an raina ni, sai ta haɗiye tambayar ta kawo mini albarkar kawai. Shi kuma Baba da ya ga mota ta iso, ya ɗauka na ji tambayar na yi biris, kuma mayar da kyautar suruki a gaban gari tozarta 'yarsa ne, sai ya yi shiru. Maimakon in rarrashe ta, na rufe ta da faɗa a tsakiyar hanya, ina cewa ita ta jawo. Har yau in na tuna wannan faɗan sai in ji kunyar kaina.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, Allah shi ne shaida. Na ɗauki 'yan ƙwadago, aka yi gayya, a karon nan ni ma na tuɓe riga na shiga, ba kuma wanda ya yi dariya. Muka tara tsibi-tsibi muka cinna wuta. Baƙin hayaƙi ya rufe ƙauyen, yara da tsofaffi suka kama tari, surukata ta kwanta da ciwon ƙirji har sai da muka kai ta asibiti a Gashuwa. Inda duk aka yi ƙonan, ƙasar ta daskare ta yi baƙi kamar kwalta, ko ciyawa ba ta sake fitowa a wurin ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, dole muka daina. Muka koma ɗurawa a buhuna, sai kuma tambayar ina za a kai ta taso, domin babu ƙauyen da zai yarda a jibge masa. Muka haƙa rami a kan tudu muka zuba, iska ta riƙa kwasowa tana dawo da ita. Wadda ta sha rana kuma ta rududduge, kana taɓawa sai ta marmashe ta bi ƙasa, ba ta tsintuwa. Wadda ke binne sai garma ta tono ta, ka kwashe yau, gobe ka sake huɗa ka ga kamar ba a taɓa komai ba.

Daga nan fadamar ta fara mutuwa a hankali a gaban idonmu. A shuka shinkafa ta fito da kyau, da saiwarta ta kai ga shimfiɗar leda sai ta tsaya ta yi jawur. Wani wurin ruwa ya ƙi shiga ƙasa, wani wurin ya ƙi zama. Rani na farko Fulani suka sauko kamar kullum, ba a daɗe ba shanu suka fara ramewa suna kumburin ciki. Da aka yanka wata da ta kusa mutuwa, mahauci ya ciro dunƙulen leda a tumbinta wanda ya cika daro. Ba su yi faɗa da kowa ba, suka tattara suka canja hanya, tun daga lokacin ba a sake ganin garke a fadamar Baba ba, taki ya ƙare, nono ya ƙare. Tafkin ya cushe ya zama kududdufi mai wari. Gidan da ke sayar da shinkafa ya koma awo a kasuwa. Samarin gidan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Babban ya tafi su can Tafkin Chadi, sai a shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Wani ya kama acaɓa a Gashuwa. Ƙaramin, wanda ya fi kowa iya tsokana, ya dawo Nguru yana dako a kasuwa, kusa da shagona. Na yi na yi ya zo mu zauna a shago tare, ya ce ya gode. Kullum da safe in zai wuce sai ya rusuna ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Yaya. Bai sake ce mini Alhajin Kwali ba, kuma babu abin da ba zan bayar ba don in sake jin sunan nan a bakinsa.

A tsakanin nan ne na ji wani shiri a rediyo, ana bayanin cewa ƙasashe masu arziki sharar roba ta yi musu yawa, dokokinsu sun tsananta, gyara ta a can tsada gare shi, sai a loda ta a jirgin ruwa a turo ƙasashe irin namu da sunan kayan sarrafawa. Ina jin haka na gane ashe mutumin nan na Legas an riga an sallame shi tun daga can don kayan su ɓace, ni kuma na ɓatar masa da su a kan ɗan man mota. Tafiyata ta gaba na nufi filin nan raina a ɓace. Na yi zaton zan tarar ya gudu. Yana nan daram, filin ma ya ƙara girma. Ya tarbe ni da murna, ya ce kwana biyu, ya tambaye ni mota nawa nake so. Na ci kwalarsa, na gaya masa abin da kayansa suka yi. Yaransa suka ɓamɓare ni. Shi ko fushi bai yi ba, ya gyara rigarsa ya ce shi karɓa kawai yake yi, masu turowa suna can ƙetaren teku, in ina da ƙarfi in je in same su, kuma shi bai taɓa ce mini in tare kogi da leda ba. A nan kam ya fi ni gaskiya. Ina fitowa na ga wata motar Arewa ana yi mata lodi. Na ja direban gefe na ba shi labarina tun daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma shi maigidansa cike wani kwari zai yi da su a bayan gari, kuma an riga an zuba masa mai. Ina tsaye motar ta tashi.

Baba bai bar fadamarsa ba. Shekarunsa na ƙarshe, kullum bayan sallar asuba zai ɗauki kwando da ƙaramar fartanya ya gangara, ya yi ta tsinta har rana ta yi zafi. An hana shi ya ƙi. Da ciwo ya kwantar da shi, na ajiye kunyar surukuta na shiga har ɗakinsa, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa na nemi gafararsa baki da baki. Ya ce ba komai, ya yafe tun ranar, ƙasa ta Allah ce. Ya tambayi lafiyar yara. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce yana da tambaya ɗaya, tunda ni na yi yawo na san abin duniya. Ya ce shi duk abin da ya sani in ya shiga ƙasa ruɓewa yake, itace da ƙashi da ƙarfe, har mutum. To wannan abin, shekara nawa yake ɗauka? Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Bai yi mako guda ba ya rasu.

Ranar rabon gado na zauna can gefe a matsayin wakilin matata. A ƙasar nan an san yadda rabon fadama yake, 'yan'uwa ciki ɗaya kan daina gaisawa a kan taku biyu na ƙasa. Malam ya fara lissafa abin da mamaci ya bari: gida, kwalekwale, komaye, 'yan awaki, da wata 'yar gonar gero a kan tudu wadda a da ko kallonta ba a yi. A kan wannan gonar aka ɗan ja magana. Da aka zo kan fadama da tafki sai babban ɗan ya dubi ƙannensa, sa'an nan ya ce sun yi shawara, su duka sun yafe rabonsu a ciki, sun bar wa 'yar'uwarsu, wato matata. Ba da gatse ya faɗa ba, ko inda nake bai kalla ba. Malam ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yarda. Haka ƙasar da ta ciyar da zuriya guda tun ba a haifi kakana ba ta dawo gidana, ba wanda ya yi jayayya. Daga baya mun yi tayin bayar da ita aro ga duk mai so a ƙauyen, ba wanda ya zo.

Abin da na koya ba shi da daɗin faɗa. Na farko, wanda ya fi ka arziki da ilimi ba zai ɗauki abu mai amfani ya biya jirgi ya ƙetaro teku da shi don ya ba ka a banza ba. In ka ga haka, kai ne bolar. Na kuma ga yadda kunya, wadda muke taƙama da ita, ta hana mutum uku faɗa wa juna magana ɗaya da za ta tsirar da gida guda, kuma zafin raina ne ya rufe bakin biyu daga cikinsu. Ina kira ga 'yan'uwana fatake da direbobin da ke zuwa Kudu, duk dilar da aka ce ka ɗauka kyauta, kwance ta a nan inda take ka ga cikinta, in an hana ka to ka bar ta, gara motarka ta dawo wayam. Masu unguwanni da dattawan ƙauye, in ɗanku ko surukinku ya kawo abin da ba ku gane ba, ku tambaye shi a gaban kowa, fushin kwana biyu ya fi abin da muka gani. Ba na yaudarar kaina cewa wasiƙar nan za ta tsayar da jirgi ko ɗaya, na ga yadda direban nan ya saurare ni ya kuma ja motarsa. Amma ko mutum ɗaya ya karanta ya fasa, na rage nauyi.

Ina roƙon masu karatu su sa Baba a addu'a. Ni kuwa duk rani ina zuwa da buhu da manjagara in yi abin da ya sawwaƙa, ko da yake na san ba zan ga ƙarshensa ba. Na haƙa har iya tsawon hannuna, ledar tana nan, ko launinta bai koɗe ba. Ranar da za a zauna rabon namu gadon, wannan fadamar 'ya'yana za su tarar, kuma su ba su da wanda za su bar wa.